Christian Lautenschlager: gwanin direba ne, ko bakanike ne da ya taki sa'a?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni yaron gareji ne, ina koyon gyaran inji, kuma ina yawan kallon tseren motoci a waya. Na ci karo da sunan wani Bajamushe, Christian Lautenschlager, an ce shi ya ci babbar gasar Faransa a 1908 da kuma 1914, kuma wai ban da waɗannan biyun bai ci wata babbar gasa ba. Wani abokina ya ce ai wannan bakanike ne aka ɗora a kan motar da ta fi ta kowa, ya taki sa'a sau biyu. Don Allah Malam, gwani ne ko sa'a ce?"

Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa sana'arka albarka, ɗana. Rabin maganar abokinka gaskiya ce. Lautenschlager bakanike ne, ma'aikacin kamfanin Daimler ne mai karɓar albashi, kuma manyan nasarorinsa biyu ne rak. Inda na rabu da abokin naka shi ne ɗaukar da ya yi cewa kanikanci daban, tuƙin tsere daban. Yau haka ne. A 1908 kuwa, wanda bai san ciwon inji da taya ba da wuya ya kai ƙarshen tsere, balle ya ci. Saboda haka tambayar da ya kamata mu warware ita ce: me ake buƙata a ci tsere a wancan zamani, kuma mutumin nan yana da shi ko ba shi da shi? Amsata ita ce yana da shi fiye da kusan duk abokan karawarsa, ko da yake a saurin tsiya akwai waɗanda suka fi shi. Ga dalilaina.

Asalinsa

An haife shi ranar 13 ga Afrilu, 1877, a Magstadt, wani ƙaramin gari kusa da Stuttgart a kudancin Jamus. Yana ɗan shekara 14 aka sa shi koyon aikin ƙarfe a Stuttgart. Da ya samu 'yanci sai ya bi al'adar masu sana'ar hannu ta Jamus, ya shiga yawon neman aiki gari-gari don ƙaro ilimi. A 1899 ya dawo gida ya kama aiki a kamfanin Daimler, wanda a lokacin masana'antarsa ke Cannstatt. Gottlieb Daimler, wanda ya kafa kamfanin, na da rai a lokacin, sai a shekara mai zuwa ya rasu, kuma ko sunan Mercedes ba a fara liƙa wa motocin ba tukuna. Sai a 1901 sunan ya fito, daga sunan 'yar Emil Jellinek, attajirin da ke sayen motocin yana sayarwa a kudancin Faransa.

A masana'anta ya yi ta hawa har ya zama mai gwajin mota. Duk motar da aka gama haɗawa, irinsu ne ke fita da ita kan hanya, su ji abin da ke damunta, su dawo su gyara. A 1906 ya shiga tsere a Beljiyam, a zagayen Ardennes, amma a kujerar gefe, yana bakaniken Otto Salzer.

Kada ka raina wannan matakin, domin a Jamus ta lokacin ba ƙaramin shinge ke tsakanin bakanike da sitiyarin tsere ba. A 1903, da za a yi gasar kofin Gordon Bennett a Ayalan, Jellinek ya so a ba Wilhelm Werner da Otto Hieronymus motocin Mercedes, ƙungiyar masu motoci ta Jamus ta ƙi, don a ganinta 'yan ƙwadago ba su isa su wakilci ƙasa ba. Ƙarshenta 'yan Beljiyam biyu da Ba'amurke ɗaya suka tuƙa wa Jamus, Camille Jenatzy ɗan Beljiyam ya ci. Shekara biyar kacal bayan wannan wulaƙanci aka miƙa wa ɗan Magstadt mota a gasar da ta fi kowace girma a duniya.

Yadda tsere yake a lokacin

Cire hoton Formula 1 daga kanka tukuna. Tseren yau kilomita 305 ne ko kusa da haka, a kan kwalta mai laushi, ana gamawa cikin ƙasa da awa biyu, ga rediyo a kunnen direba, ga injiniyoyi na kallon zafin kowace taya a kwamfuta. Grand Prix na 1908, wato babbar gasar Faransa da ka ambata, kilomita kusan 770 ne, zagaye 10 na hanyar da jama'a ke bi kullum a bayan garin Dieppe, kowane zagaye kilomita 77. Hanyar tsakuwa ce aka zuba mata kwalta sama-sama don ta kwantar da ƙura, da motoci suka bi ta 'yan lokuta sai ta farfashe. Motar ba rufi, ba gilashin gaba, ba madubi, ba bel. Birki a tayoyin baya kaɗai yake. Ana sakin motocin ɗaya bayan ɗaya, agogo ne alƙali, don haka wanda ke gabanka a hanya mai yiwuwa yana bayanka a lissafi. Direba kan wuce wurin mutanensa sau ɗaya a cikin kimanin minti arba'in. Tsakanin nan shi da bakanikensa ne da Allahnsu, kuma doka ta ce su biyun kaɗai ke da izinin taɓa motar in ta lalace ko taya ta fashe.

Bakaniken gefe ba rakiya ya zo yi ba. Shi ke buga famfon da ke tura fetur daga tanki, shi ke lura da baƙin mai, shi ke waiwaye ya taɓa direba in wani na son wucewa, shi ke tsalle ya ɗauko jak in taya ta tafi. Wanda ya zauna a wannan kujera ya ga yadda tuƙin wani ke cin mota, kuma ya ji a jikinsa.

Yanzu ga abin da ya fi shafar sana'arka. Abin da ke kashe taya zafi ne. Tayar wancan zamani siririya ce, an yi ta da zanen auduga mai kauri, falle a kan falle, an lulluɓe da roba. Duk juyawar da ta yi zarurrukan na gugar juna, zafi na taruwa a ciki, har robar ta rabu da zanen. Ka ɗora mata mota mai nauyin fiye da tan ɗaya da inji mai lita kusan 13, a kan tsakuwa mai kaifi. Sannan ka tuna tayoyin baya ne ke tura motar, su ne kuma ke tsayar da ita. Direban da ke shiga kwana da gudu ya danne birki har taya ta ja ƙasa, ya fito ya take totur har ta yi juyin banza, yana iya cin riba ta 'yan daƙiƙoƙi a kowace kwana, amma zai biya da mintoci a gefen hanya yana kiciniyar sauya taya. A 1908 masu shirya gasar sun hana a cire ƙafar mota gaba ɗaya a sa wata. Abin da aka yarda shi ne a kwance rim ɗin waje tare da tayarsa daga jikin ƙafar katako, aikin da ke cin lokaci da ƙarfi.

Dieppe, 7 ga Yuli, 1908

Motoci 48 suka tashi, waɗanda suka gama ba su kai rabi ba. Mercedes ta kawo uku: Salzer, da Willy Pöge wanda attajiri ne mai masana'antar kayan lantarki a Chemnitz, da Lautenschlager, wanda wannan ne karonsa na farko a sitiyarin Grand Prix, yana da shekara 31. Salzer ya tashi kamar an jefa shi, ya yi zagayen da ya fi na kowa sauri a ranar, kimanin kilomita 126 a awa, bai jima ba motarsa ta fita daga tsere. Motocin Fiat uku, ciki har da ta Felice Nazzaro wanda ya ci gasar bara, duk sun mutu tun kafin a yi rabi. Sai tsere ya koma tsakanin Lautenschlager da Victor Hémery, Bafaranshe mai tuƙa Benz. Ka lura, a lokacin Benz da Daimler kamfanoni biyu ne masu gaba da juna, sai a 1926 suka haɗe.

Hémery ya fi shi suna nesa ba kusa ba, kuma mutum ne mai zafin tuƙi. Ana cikin fafatawa dutse ya tashi ya fasa masa tabarau, gilashi ya shiga idonsa. Ya tsaya aka duba shi, ya koma ya ƙarasa tseren a haka, ya zo na biyu. Lautenschlager ya gama cikin awa 6 da minti 55 da daƙiƙa 43, matsakaicin gudu kilomita 111 a awa, da ratar kusan minti 9. Shi ma ya sha sauya taya, kuma labarin da ya shahara shi ne a zagayen ƙarshe safaya ta ƙare a wurin Mercedes, da ɗaya ta sake fashewa da shi ke nan. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a nan ne mutumin ya rage gudu daidai gwargwado ya lallaɓa abin da ke ƙarƙashinsa har gida.

René Hanriot a Benz ya zo na uku, Pöge na biyar. A cikin bakwai na farko shida motocin Jamus ne. A ranar ce kuma Henri Cissac da bakanikensa suka rasu bayan taya ta fice daga motarsu, mutuwa ta farko da ta auku ana cikin tseren Grand Prix. Kamfanonin Faransa sun ji kunyar kayen da kuma nauyin kuɗin da ake kashewa, suka janye, ba a sake yin gasar ba sai 1912. Shi kuwa wanda ya ci ya koma Untertürkheim, inda masana'anta ta ƙaura bayan gobarar Cannstatt ta 1903, ya ci gaba da gwajin motocin kwastomomi. Wannan na cikin dalilan da suka sa nasarorinsa ba su da yawa. Kamfaninsa ya daina shiga manyan gasa na wasu shekaru, shi kuma ba ɗan kasada mai zaman kansa ba ne da zai bi kowane kamfani neman mota.

Lyon, 4 ga Yuli, 1914

Wannan shi ne tseren da ya kamata ka tsaya a kansa, domin a nan hujjar abokinka ta fi rauni. A 1914 ba kowa ke ganin Mercedes ce motar da ta fi ba. Peugeot ce sarauniya, Peugeot ɗin nan dai da aka daɗe ana harhaɗa motocinta a Kaduna. Tun 1912 ta fito da inji mai kamshaf biyu a sama da bawul huɗu a kowace silinda, tsarin da injinan tsere ke bi har gobe. Georges Boillot ya ci mata Grand Prix a 1912 da 1913, Jules Goux ya ci mata Indianapolis a Amurka a 1913. Boillot gwarzon ƙasa ne a Faransa, kuma, don abokinka ya ji, shi ma daga kanikanci ya taso. Motarsa ta 1914 na da birki a ƙafa huɗu. Ta Mercedes a baya kawai.

Dokar shekarar ta ƙayyade inji kada ya wuce lita 4.5. Injin Mercedes da Paul Daimler, ɗan Gottlieb, da mutanensa suka ƙera ya ɗauko dabaru daga injin jirgin sama: silinda huɗu na ƙarfe, kowace da rigar ruwanta da aka yi wa walda, kamshaf ɗaya a sama, bawul huɗu a kowace silinda, ƙarfin doki ɗari da 'yan kai, yana juyawa fiye da sau 3,000 a minti, abin da ake gani da yawa a lokacin. Wajen kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, an bar sarƙa an koma farfela. Sun je Lyon tun watanni kafin gasar, sun auna hanya, sun yi ta zagayawa suna zaɓen giyar da ta dace da hawa da gangara. Sun kawo motoci biyar: Lautenschlager, Salzer, Max Sailer, Louis Wagner Bafaranshe, da Théodore Pilette ɗan Beljiyam. Shirinsu kan taya mai sauƙi ne: kowa ya tsaya sau ɗaya a tsakiyar tsere, ya sauya, ko tayar ta cinye ko ba ta cinye ba.

Zagayen kilomita 37.6 ne, ta garin Givors da kwarin kogin Gier, ya hau tudu, ya miƙe, sannan ya gangaro cikin kwanoni zuwa wata muguwar kwana kusa da wurin tashi. Zagaye 20, kilomita 752. Motoci 37, ana sakinsu bibbiyu duk bayan daƙiƙa 30. An ƙiyasta 'yan kallo sun kai 300,000. Kwana shida kafin nan aka harbe yarima mai jiran gadon Austriya a Sarajevo, ga kuma tsohon miki na Alsace da Lorraine da Jamus ta ƙwace a 1871. Farar mota ta Jamus da shuɗiya ta Faransa a kan hanya ɗaya, kowa ya san abin ya wuce wasa.

Sailer, wanda injiniya ne a kamfanin kuma bai taɓa shiga irin wannan gasa ba, ya ɗauki gaba tun zagayen farko. Ya yi zagaye a minti 20 da daƙiƙa 6, mafi sauri a ranar. Boillot bai iya zuba ido Bajamushe na tsere masa a gaban mutanensa ba, ya bi shi da duk abin da motar ke da shi. A zagaye na shida injin Sailer ya watse. Boillot ya karɓi gaba ya riƙe ta awanni, 'yan kallo na ta sowa.

Ana yawan ba da labarin cewa da gangan aka saki Sailer ya zama zomo don Boillot ya kashe motarsa wajen binsa. Masana tarihin tsere sun daɗe suna jayayya a kan haka. Ni na fi karkata ga cewa zumuɗin sabon shiga ne ya zo ya yi wa kamfani amfani. Kamfanin da ya kashe irin wannan dukiya wajen ƙera mota biyar da wuya ya ce wa ɗaya je ka ka fasa inji, kuma allunan ba direba umarni daga gefen hanya sai a shekarun 1920 Alfred Neubauer, manajan 'yan tseren kamfanin, ya tsara wa Mercedes su. Ko ma dai mene ne, sakamakon ɗaya ne.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin Boillot shi ne abin lura. Birkinsa na ƙafa huɗu na ba shi damar shiga kwana a makare, yana kuwa amfani da damar. An yi wa motar dogon wutsiya don ta yanki iska, aka cusa safaya biyu a ciki, nauyi ya koma baya, motar na wutsil-wutsil a kwana. Tayoyinsa na Dunlop ba su jure ba, ya tsaya sauyi aƙalla sau shida. Lautenschlager a kan tayoyin Continental sau ɗaya ya yi tsayuwar da aka tsara. Kowace tsayuwa ta Boillot na cinye ratar da ya sha wuya ya tara, sai ya fito ya ƙara matsa wa motar don ya mayar, matsin kuma ya ƙara cin taya da inji. Wagner ya matsa masa na wani lokaci, sannan Lautenschlager, wanda tun safe yake tafiya a gudu ɗaya kamar ba da shi ake yi ba, ya matso na biyu ya fara rage ratar kaɗan-kaɗan. A zagaye na 18 ya wuce gaba a lissafin agogo. A zagayen ƙarshe injin Peugeot ya mutu a hanya, aka ce an ga Boillot ya kifa kai a sitiyari yana kuka.

Lautenschlager ya gama cikin awa 7 da minti 8 da daƙiƙa 18, kimanin kilomita 105 a awa. Wagner na biyu da ratar minti ɗaya da rabi da 'yan kai, Salzer na uku, Goux na huɗu. Motoci 11 kaɗai suka kai ƙarshe. Jama'ar da suka cika tudun nan ba su yi wa Jamusawa wani tafin kirki ba. Ranar 3 ga Agusta Jamus ta ƙaddamar da yaƙi a kan Faransa, a farkon yaƙin duniya na ɗaya. Boillot ya zama matuƙin jirgin yaƙi, aka harbo shi a 1916, ya rasu. Ɗaya daga cikin motocin Mercedes na Lyon ta tsallaka Amurka, Ralph DePalma ya ci Indianapolis da ita a 1915.

To, sa'a ko gwaninta?

Mu fara da sa'a, don akwai ta, kuma Hausawa sun ce ta fi sammako. Dutsen da ya samu Hémery ba Lautenschlager ne ya jefa ba. Tayoyinsa na ƙarshe a Dieppe suna iya fashewa ko ya lallaɓa su. Da Peugeot ta samu tayar da ta dace da ita a Lyon, mai yiwuwa da Boillot ya ci na uku a jere. Sannan motar: a 1914 Mercedes uku ne a sahun gaba, wannan shaida ce cewa motar da shirin kamfani sun yi aiki babba. Duk wanda ya ce direba kaɗai ya ci bai yi adalci ga Paul Daimler da kanikawan masana'anta ba.

Amma ga abin da ya tsaya mini. A duka tseren biyu, ba Lautenschlager ne ya yi zagaye mafi sauri ba. A 1908 Salzer ne, a 1914 Sailer ne. Dukansu a mota iri ɗaya da tasa suke, kuma dukansu ba su gama ba. In mota ce kaɗai ke ci, me ya sa mutum ɗaya ne ya kai ta gaba sau biyu, da tazarar shekara shida, a hanyoyi biyu da ba su yi kama da juna ba, da inji mai lita 13 da kuma mai lita 4.5? Wagner ƙwararren ɗan tsere ne da ya ci kofin Vanderbilt a Amurka a 1906, yana cikin irin motar, ya zo bayansa. Sa'a kan zo wa mutum sau ɗaya. In abu ya maimaitu da siffa ɗaya, abokin aiki ya yi gudu ya fasa, shi ya tafi a hankali ya ci, to hali ne.

A nan zan sa abin da na sani daga aikina. Na daɗe ina sauke inji ina haɗawa, kuma in an gama ni ke fita da motar gwaji kafin a miƙa wa mai ita. Gwaji na koya wa mutum abin da littafi ba ya koyarwa. Kunnenka kan rarrabe ƙarar tafet, wadda za ka iya tafiya da ita har gobe, da bugun mital, wanda in ka ƙara totur inji ya tafi. Tafin ƙafarka kan ji inda inji ke tafiya da daɗi da inda ya fara wahala, ko babu agogo a gabanka. Hancinka kan ji warin birki ko kuloci tun kafin hayaƙi ya fito. Bayanka kan ji taya ta fara laushi. Za ka ba direbobi biyu mota iri ɗaya su yi hanya ɗaya, ɗaya ya dawo da ita lafiya, ɗaya ya dawo taya ta cinye gefe guda, birki ya ƙone, alhali bambancin isarsu bai kai na shan shayi ba. Mutumin da ya shekara yana wannan aiki kullum a kan motocin da hannunsa ya haɗa, shi aka ce ya kai mota kilomita 750 ba tare da ta mutu ba. Ya san iyakar da ƙarfe zai ɗauka na awa bakwai, ya tsaya dab da ita. Kuma kada ka ɗauka tafiyar hawainiya yake yi. Matsakaicin kilomita 111 a awa a kan tsakuwa, har da lokacin da aka ɓata wajen sauya taya, yana nufin a miƙaƙƙiyar hanya yana haura 150, ba rufi, duwatsu na dukan fuska.

Abu mafi wuya a irin wannan tuƙi shi ne haƙuri a lokacin da ake tsere maka. Ka ji jama'a na ihu wa wani, ka san yana gabanka da mintoci, ƙafarka na ƙaiƙayi, ka hana ta. Boillot da duk baiwarsa bai iya wannan ba a Lyon, ko kuma nauyin ƙasa da ke wuyansa bai bar shi ya iya ba. In ka tambaye ni wa ya fi iya sarrafa mota a kwana, zan ce Boillot ba tare da na yi dogon tunani ba. In kuma mota ɗaya gare ni kuma dole ta isa, Lautenschlager zan miƙa wa makulli.

Sai dai ka riƙe maganata da iyakarta. Ni mai gyara ne kuma mai karatun tarihin abin, ban taɓa zama a motar tsere ta 1914 ba, kuma tsere biyu ba su isa a yanke wa mutum hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara ba. Wanda ya ce Nazzaro ko Boillot sun fi shi girma saboda yawan nasarori a wurare daban-daban yana da hujja mai ƙarfi.

Bayan yaƙi

Da aka gama yaƙi Faransa ta rufe wa Jamusawa ƙofar gasarta na wasu shekaru, sai Mercedes ta nufi Italiya da Amurka. A Targa Florio ta 1922, a duwatsun Sisili, Lautenschlager ya zo na goma. Wanda ya ci, Giulio Masetti, wani basaraken Italiya ne, kuma da tsohuwar Mercedes ta 1914 ya ci, wadda ya saya ya shafa mata jan fenti. A 1923 aka kai shi Indianapolis yana da shekara 46, da sabuwar mota mai lita 2 da kwamfiresa mai cusa iska cikin inji. Irin wannan kwamfiresa sai an take totur har ƙasa take kamawa, ƙarfi ya zo gaba ɗaya, ga filin bulo ne mai santsin mai. A zagaye na 14 motar ta juya da shi ya daki bango. A 1924 ya sake zuwa Targa Florio, abokin aikinsa Christian Werner ya ci, shi ya ƙare can wajen na goma, daga nan ya ajiye tsere.

Abokinka zai iya cewa ga shi nan, da aka sauya mota sai ya kasa. Shekaru sun ja, wannan gaskiya ne, amma tseren ma ya sauya. Tayoyi sun yi ƙarko, birki ya koma ƙafa huɗu, zagaye ya gajarce, an fara gina filaye na musamman irin Monza a 1922. Daga 1925 aka hana ɗaukar bakanike a gefe a Grand Prix. Da mota ta daina mutuwa a hanya kamar da, sai saurin hannu da ƙarfin zuciya suka fi kunnen bakanike daraja. Tauraron Mercedes na gaba, Rudolf Caracciola, wanda aka haifa a 1901, mai sayar da motocin kamfanin ne a Dresden kafin ya ci Grand Prix na Jamus na farko a filin AVUS na Berlin a 1926, cikin ruwan sama. Shi da wani tauraron direban Jamus, Bernd Rosemeyer, suka samu zamanin rediyo da majigi da kuɗin gwamnatin Hitler, shi ya sa sunayensu suka fi yaɗuwa.

Lautenschlager ya ci gaba da aiki a masana'antar har ya yi ritaya. Ya rasu a Untertürkheim ranar 3 ga Janairu, 1954, yana da shekara 76. Wata shida bayan rasuwarsa Mercedes ta koma Grand Prix bayan dogon hutun da yaƙin duniya na biyu ya jawo, a Reims ta Faransa, ranar 4 ga Yuli, 1954, shekara 40 cif da tseren Lyon. Juan Manuel Fangio ya zo na ɗaya, Karl Kling na biyu.